Dona Alcina, mai tambayar maza "In ita ce fa?"

Kafin jiragen masunta su gama shigowa, Dona Alcina ta riga ta ɗaga ƙofar ƙarfen ofishinta da ke titin kasuwar kifi a nan Peniche, garinmu na masunta a bakin teku. Ƙofar tana da ƙara, ta kuma ƙi sa mata mai, wai da ita ake gane ta iso. Daga nan sai ta leƙo gidan burodina, wanda bango ɗaya ya raba mu, ta karɓi kofi ba sukari, ta ce, "Maƙwabciya, yau ki rage tsawon kunnen nan." Ni kuma in ce in tana son sirri ta ƙara wa bangon bulo. Haka muke shekara talatin da ɗoriya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da kunnen nawa ya tara.

Inshora take sayarwa, ta mota da ta jirgi da ta gobara, amma wadda aka san ta da ita ita ce ta masu neman gida. In miji da mata suka je banki neman bashin sayen gida da sunansu su biyu, sai an ce su kawo inshorar rai, don in mutuwa ta gitta kamfani ya biya sauran, gida ya zauna wa iyali. A wancan lokacin ana iya rubuta mutum ɗaya a bar ɗaya, kuɗin wata ya yi sauƙi. Mu kuwa a garin nan ba ma tsayawa tunani. Namiji ne ke fita teku, matan da ke cika coci da baƙaƙen kayan takaba sun isa shaida. Kowa ya shigo, maigida yake cewa a rubuta.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, Dona Alcina ba ta taɓa yarda da wannan ba. Takan bar mijin ya gama bayaninsa tsaf, sannan ta cire tabarau ta jefa masa tambayarta. Na sha tsayar da kwaɓa fulawa don in ji yadda kowa zai amsa. Wasu dariya, wasu tari. Masunta har suna suka sa mata, Mujiyar Titin Kasuwa.

Wanda ba na mantawa shi ne Custódio da matarsa Zulmira, mai aiki a masana'antar kifin gwangwani. 'Yan mata uku gare su, sun ga wani ɗan gida mai tsakar gida a bayan makaranta.

"Dona Alcina, a rubuta ni kawai," in ji shi. "Ni ruwa ke jira. Wannan kuwa sai ta binne mu duka, har da ke."

"Rufe mana baki, sarkin surutu," in ji Zulmira. "Kullum kai za ka mutu, kullum ka dawo kana tambayar ina abinci."

"To Custódio," in ji Dona Alcina, "in ita ce fa?"

"Ita wa?"

"Matarka. Watannin sanyi, in teku ta hargitse jirgi ya yi makonni a ɗaure, albashin wa ke riƙe da gidan?"

Sai na ji kujera ta faɗi. "Ke! Fatan mutuwa kike wa matata? A gaban idona?"

"Zauna mana, kana ba ni kunya," in ji Zulmira. Sannan ta sassauta murya. "Dona Alcina, ni ko mura ba na yi. Ƙarin da za mu biya kuma kuɗin takalman yara ne fa."

"Na sani, 'yata, ba zan ce miki ba nauyi ba ne. Ku je ku kwana da maganar. In kun ce shi kaɗai, akwai wani ofis a gaba, za su yi muku da murmushi. Ni dai ba da hannuna ba."

Na ce a raina wannan mata ba ta son ciniki. Bayan kwana biyu sai ga Zulmira ta jawo shi, fuska kamar an aiko masa da sammaci, suka sa hannu su biyu. Daga ranar Custódio ya daina gaishe da Dona Alcina. In ya hango ta tafe sai ya tsallaka titi.

Shekaru suka wuce, babbar 'yar ta shiga sakandare. Wata safiya Zulmira tana tsaye kan aikinta tana dariya da abokan aiki, ta ce kanta ya sara, ta zame ƙasa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Custódio yana can tsakiyar teku, ta rediyon jirgi aka gaya masa. Mun saba da yi wa mata ta'aziyya a garin nan, mun san abin da ake cewa da abin da ake dafawa a kai. Ranar muka tsaya cirko-cirko, ba mu san me ake ce wa masunci ba. Na yi kuka sosai, don Zulmira ce ke fara sayen burodina da safe.

Bayan jana'iza sai magana ta fito cewa Custódio ya ce ba zai taɓa kuɗin mutuwar matarsa ba. Gidan kuwa ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba, zai sayar. Ƙanwarsa ta Faransa za ta ɗauki ƙaramar, surukarsa ta ɗauki ta tsakiya, babbar ta zauna da shi a ɗakin haya. Har an fara zuwa duba gidan.

Dona Alcina ta rufe ofis da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta nufi bakin ruwa. Ni ban je ba, amma masuntan da ke wurin sun ba ni labari, na kuma sa kowa ya maimaita. Ta same shi yana ɗinkin koma, ya ƙi ɗaga kai.

"Kin zo ki ce kin faɗa?" in ji shi.

"Na zo in ce kuɗin ba naka ba ne balle ka ƙi. Ita ta biya, daga albashinta, wata bayan wata, tana tsaye cikin ƙarnin kifi. 'Ya'yanta ta saya wa rufin asiri. Kai wane ne da za ka mayar mata?"

Suka ce ya ajiye allurar koma, ya kifa kansa a gwiwa. Bai sake maganar sayar da gidan ba. Watannin da suka biyo baya na sha jin Dona Alcina ta bango tana ɗaga murya a waya da kamfanin inshorar, yau takardar likita, gobe wani hatimi da aka ce babu. Ba ta saki ba sai da gidan ya fita daga hannun banki.

Makon jiya na kasa haƙuri. Na ce, "Maƙwabciya, kafin ki tafi, gaya mini. Me ya sa kika nace wa tambayar nan duk zagin da kika sha?"

Ta juya kofinta. "Babana shekara arba'in yana teku, a kan gadonsa ya mutu, da tsufansa. Mamata ce ta tafi ina firamare. Mu biyar aka raba gida-gida. Ƙanina na ƙarshe, sai da ya yi gemu na sake ganinsa." Ta shanye kofin, ta ce burodin yau ya yi gishiri.

Dona Alcina, ke ce wadda ta yarda a tsallaka mata titi don kada a raba wasu yara. Ke ce kika ƙirga matan garin nan cikin masu riƙe da gida, tun ba wanda ke ƙirga mu. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya. Ku kuma matasan da za ku zauna kan irin kujerarta, ku yi tambayar, ko za a tashi a bar muku ofis. Masu zuwa neman gida su biyu, ku tsaya ku amsa ta.

'Yan matan Zulmira suna nan a gidan bayan makaranta, su uku a ɗaki ɗaya. Ƙaramar ce ke zuwa sayen burodi yanzu, kullum da ƙarar da take kawo mini ta yayyenta, wai sun hana ta madubi.