Ranar da Na Rabu da Akwalata

Na daɗe tare da motar nan, tun ina sabon malamin makaranta a Ƙofar Sauri. Ruwan toka ce a da, amma rana ta cinye fentin har ba ka iya cewa ga launinta. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki, sai na sauke gilashi na zura hannu waje. Jarkar ruwa ba ta rabuwa da but saboda lagireto na yoyo. Maƙwabta kuwa da sun ji ina murɗa makulli da safe, sai kowa ya tsiri uzuri, don sun san turi ne zai biyo baya.

Abin da ya ƙure haƙurina shi ne ranar da na ɗauko mahaifiyata daga asibiti, an yi mata aikin ido. Muna isowa Ƙofar 'Yandaka, daidai inda ababen hawa suka cunkushe, motar ta yi tari ta mutu. Ga rana tsaka, ga 'yan acaba suna ta danna mini hon. Na ɗaga bonet ina leƙen inji kamar na san abin da nake nema. Hajiya na zaune a baya da bandeji a ido, gumi na tsiyayo mata.

Ta ce, "Kai, wai mi ya hwaru?"

Na ce, "Yanzu za ta tashi, Hajiya."

"Tun ina gani da idona biyu kake faɗin haka."

Ba ta tashi ba. A keke mai ƙafa uku aka ƙarasa da Hajiya gida, ni kuma na tsaya gadin ƙarfe har la'asar, sannan aka jawo ta gida.

Washegari na ce wa bakanikena ya nemo mai saye. Ya kawo mini masu sayen tsohon ƙarfe, suka zagaye ta suna ƙwanƙwasa jikinta, suna lissafin nauyi. Raina ya ɓaci, na sallame su. A cikinta na kai matata haihuwar fari, ina tuƙi ina salati. Ba zan iya tsayawa a yanka ta da wuta ba.

Daga baya wani dattijo mai kawo albasa Babbar Kasuwa daga ƙauyensu ya zo ganinta. Bayan mun gama gaisawa, na zayyana masa aibinta kaf, ban rage ko ɗaya ba. A raina ina fatan ya fasa. Shi dai gyaɗa kai kawai yake yi. Ya shiga ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli sau ɗaya. Motar da ta yi kwanaki tana yi mini gardama ta tashi lafiya lau, ko hayaƙi babu.

Na ce, "Alhaji, wallahi ba haka ta saba ba."

Ya yi dariya ya ce, "To Malam, ƙila gajiya ta yi da kai."

Muka yi ciniki, ya biya. Ina tsaye ya ja ta, ta sha kwanar layinmu ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Inda take kwana a ƙofar gida, baƙin mai ya yi tabo a ƙasa. Matata ta leƙo ta ce a zuba masa yashi kada yara su taka. Na ce ta bari tukuna.