Na yaye 'yata saboda yawon Ayalan

Shekarun baya, lokacin 'yata tana da shekara ɗaya da wata biyar, uwar ɗakina ta kira ni falo ta ce in shirya, za mu hutu. A gidansu nake aiki a nan Riyad, cikin Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ina rainon autarsu, maigidana kuma shi ke jan motar Alhaji, mijinta. Hutun na jirgin ruwa ne, irin manyan nan masu hawa-hawa da ake kwana a ciki, yau a wayi gari a wannan ƙasa, jibi a waccan. Kwana goma sha biyu. Ashe har biza an yi min. Na tuna an taɓa kai ni wani ofis na dangwala yatsu, ni kuwa sakarya ban tambayi na mene ne ba, tunda fasfona da iƙamata, wato takardar zama, duk a durowar Hajiya suke kwana.

Na ce, "Hajiya, yarinyar fa? Tana shan nono."

Ta ce, "Ai shi ke nan, kin samu damar yaye. Ki kai ta wajen yayarki, kafin mu dawo ta manta. Mu ma haka aka yi mana."

Na ce to.

A garinmu, can wajen Maraɗi, haka ake yi, ban musa ba. A ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, uwa ta ɓuya kwana bakwai kada ya gan ta ya tuna. Amma uwar tana cikin garin. Safe da yamma tana aika a dubo mata: ya sha kunu? Ya yi barci? Ba a taɓa ɗora ta kan teku ba. Duk da haka na goya 'yata na kai ta unguwar Sulay, ɗakin yayata da ke bayan wani sito, inda take dafa wa ma'aikata tuwo. Na jira yarinyar ta yi barci na sulale kamar ɓarauniya.

Mun sauka Ingila, muna layin shiga jirgin ruwan, sai saƙon murya ya shigo daga Yaya. Ta ce, "Ta ƙi kunu, ta ƙi madara, jikinta da ɗan ɗumi, amma kada ki damu." A bayan muryarta ina jin kukan yarinyar, ya dishe, irin kukan da aka daɗe ana yi. Kafin in amsa aka tura mu ciki. Jirgi ya tashi, wayata ta zama bulo. Intanet ɗin jirgin a wayar Alhaji da ta Hajiya kawai aka sa shi.

Kwana huɗu ina bin Hajiya kamar jela. "Hajiya, a ɗan ara min wayar." Sai ta ce an jima. An jima ta ce, "Ke, yaye ake yi, kada ki dame su." Rana ta uku ta ce, "Na yi magana da mijinki, ya ce lafiya lau." To ni na san mijina. Ko ƙafarsa ce ta karye ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka. Ni so nake in ji cokali nawa ta ci.

Ga ƙirjina ya yi tauri kamar an cusa duwatsu. Na ɗaure da zani, ya jiƙe, in sauya. Mai gyara mana ɗaki, wata 'yar Filifin, ta iske ni a banɗaki ina tatsa ina zubarwa ina kuka. Ashe ta taɓa aiki a Dammam, nan Saudiyya, sai muka haɗa da guntun Larabcinmu na kicin. Ta ce, "Bukra Ayalan. Fi gahawa, fi waifai, balash." Wato gobe jirgi zai tsaya a ƙasar Ayalan, akwai shagunan shayi kusa da bakin ruwa, kuma ana haɗa wa mutum waya kyauta. Ta ɗaga yatsu biyar ta nuna min agogo: ƙarfe biyar jirgi zai tashi, wanda ya makara an bar shi.

Da safe, wajen karin kumallo, Alhaji ya baje takardar da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, mai hotunan wuraren da za a iya zuwa. Ni ban iya karanta Turanci ba, hotunan na kalla. Akwai mota zuwa wani tsohon gini na dutse a cikin karkara. Akwai jirgin ƙasa zuwa birni. Akwai kuma zama a ɗan garin da muka tsaya, mai gidaje kala-kala a jere kan tudu.

Alhaji ginin yake so. Wai akwai wani dutse a can samansa, a kwantar da mutum rigingine a riƙe shi ya sumbace shi, sai bakinsa ya iya zance.

Hajiya ta ce, "A'uzubillahi! Kai da kake zaune a Saudiyya, ka sumbaci Hajarul Aswad, yanzu ka ƙare a dutsen Turawa?"

"Kallo kawai zan yi, Hajiya."

"Bakin naka me ya rage masa? Ni dai birni za ni."

Suka yi ta ja har ya nuna mata cewa kusa da ginin akwai wani katafaren kanti na rigunan ulu da barguna. Nan take ta sauko. Sai Alhaji, don yana cikin nishaɗi, ya juyo gare ni ina ba auta ƙwai. Ya ce, "To malama, ke ina kika zaɓa?"

Da wasa ya tambaya, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na ce, "Alhaji, ni a bar ni a garin nan. An ce akwai inda zan haɗa waya in kira gida."

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. "Ji min yarinya! An kawo ki Turai, ke waya kike nema? Mata nawa ne a Sulay za su so a ce su ne ke? Wa zai riƙe min auta in ina gwada kaya? Yalla, ɗauko keken yarinyar."

Na ɗauko. Muka sauko daga jirgi, ana yayyafi mai sanyi, a watan da Riyad ke gasa mutane. A ƙofar fita kowa yana nuna wani ɗan kati mai hotonsa, shi ne kuma na komowa. Ana duba nawa Hajiya ta miƙo hannu ta karɓe ta jefa a jaka, kamar yadda ta saba da duk wata takarda tawa.

Motar na jira, doguwa, cike da tsofaffin Turawa masu rigunan ruwa. Na zauna da auta a cinya. Ta kwantar da kanta a ƙirjina, zafin ya ratsa ni har ƙeya, sai na ji ɗumi yana bin cikina. Na duba, gaban abayata ya yi duhu. Ga 'yar mutane ta ƙoshi da ƙwai da madara tana kwance a kan abincin 'yata, tawa kuma ban san ko ruwa ya shiga cikinta ba. Ta taga ina hango shagunan da 'yar Filifin ta faɗa, ga su nan, ko minti biyar ba za a yi ba a ƙafa. Motar kuwa sai ƙarfe huɗu za ta dawo, daga nan a kora mu cikin jirgi, wasu kwana biyu a ruwa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗora auta a cinyar uwarta na ce, "Hajiya, ba ni katina."

Ta ce, "Me?"

"Katina na komawa jirgi. Ba za ni ba."

"Kin yi hauka? Ke da ko ruwa ba ki iya tambaya da Turanci ba? Ki ɓata a ƙasar mutane wa zai nemo ki? Zauna, kada ki kunyata ni."

Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na ce, "Kwana huɗu ina roƙon ki waya. Ki riƙe taki 'yar yau, in je in ji tawa."

Direban ya juyo, mai yi musu bayani ta tsaya da makirufo a hannu. Alhaji ya ce a hankali, "Ba ta katin, ana kallon mu." Ta ciro ta wurgo min, ya faɗi ƙarƙashin kujera. Wani tsoho ya sunkuya ya ɗauko min, na karɓa na sauka.

Motar na tafiya tsoro ya rufe ni. Na tsaya a titi ni kaɗai, baƙar mace cikin baƙar abaya jiƙaƙƙiya, tsuntsayen teku na ihu a kaina. Na shiga shago na farko da na ga kofuna a taga. Wata dattijuwa mai farin gashi ce a ciki. Na miƙa mata wayar na ce, "Waifai," don iyakar Turancina ke nan. Ta dube ni, ta dubi gaban rigata. Ta danna abin da za ta danna, ta nuna min kujerar lungu kusa da abin ɗumama ɗaki, ta kawo shayi da tawul.

Yaya na ɗauka na ce, "Ina take? Nuna min ita."

Ta yi maza ta fita waje ta ja ƙofa. "Ke, rage murya! Sai jiya ta fara cin abinci. Ta ji muryarki yanzu ta birkice, wa zai sake lallashin? Ni da na sha wahalar?"

"Yaya, don Allah, daga ƙarshen duniya nake kiran ki."

"Ko daga wata kike kira, yaye yaye ne. Inna ta bari kin gan ta da aka yaye ki?"

Na fashe da kuka. Ta yi tsaki, sannan ta ce, "To ki rufe kyamarar taki da yatsa, ki kama bakinki. Kika yi ko tari na kashe."

Ta jingina wayar da tukunya. Ga 'yata zaune a tabarma, ta rame, wuyan ya yi tsawo, tana dangwalar tuwo da miyar kuka tana shafa rabi a kumatu. Yatsa ɗaya na kan kyamara, ɗaya hannun na toshe bakina da tawul ɗin matar. Na ƙirga loma bakwai. A ta takwas ta ɗaga hannun hagu, sai na ga farar filasta a bayan hannun.

Na kashe na sake kira. "Mene ne a hannunta?"

Yaya ta ce, "Au, ba a gaya miki ba? Ruwa aka ƙara mata. Washegarin tafiyarku gudawa da amai suka kama ta, ta yi laushi, babanta ya kwashe mu sai asibiti. Kwana ɗaya muka yi. Ai ya kira Hajiya tun muna can, ya ce a sanar da ke."

Sauran yinin, in gaya muku gaskiya, ban ga Ayalan ba. Wasu sun hau tudu sun ga babbar cocin garin, wasu sun yi hoto da gidaje masu launi. Ni na samu benci a bakin ruwa na sa jirgin a gaba na tsare shi da ido, kada ya tashi ya bar ni. Tun ƙarfe biyu na koma ciki, da awa uku a hannuna. Idan aka tambaye ni yadda Turai take, nakan ce akwai benci mai sanyi.

Da yamma suka dawo da jakunkuna niƙi-niƙi. Na jira Alhaji ya fita, na ce, "Hajiya, an kwantar da 'yata a asibiti kin sani."

Ko kunya ba ta ji ba. Tana ninke rigar ulu ta ce, "Don hankalinki ya kwanta na yi shiru. Da na gaya miki me za ki yi? Iyo za ki yi zuwa Riyad?"

Na ce, "Da na yi mata addu'a da sunan ciwon."

Ta ce in bar mata ɗaki. Har muka gama tafiyar magana ba ta haɗa mu ba sai ta aiki.

Da muka dawo ban ko ajiye jaka ba na wuce Sulay. 'Yata ta dube ni daga bakin ƙofa, ta juya ta ɓuya a zanin Yaya. Kwana uku tana yi min kallon baƙuwa. Maigidana ma ya sha nasa, don na tambaye shi me ya hana shi cewa sai an ba shi ni a waya. Ya ce ya ji nauyin Hajiya. Na ce ai nauyin nan ne ya kusa kashe mana yarinya, ni da kai duka.

Yanzu yarinyar ta shiga makaranta, Larabcinta ya fi nawa, ba ta san an yi ba. Mutane kan ce in manta, tunda Allah ya kiyaye. Na gode wa Allah, amma ban huce ba, kuma na daina yi wa kaina faɗa don ban huce ba. Abin da ke ci min rai har yau, matar nan ba muguwa take ganin kanta ba. Tsakaninta da Allah ta ɗauka alheri ta yi min. A wurinta, ciwon 'yata labari ne da za a iya ajiye min a jaka har a gama hutu, don kada mai raino ta yi ta kuka a gaban Turawa. Ni ma kuma ina da laifina: an ce in yaye 'yar da ba ta isa yaye ba, na amsa kafin in yi tunani, don ina tsoron ɓata wa babba rai.

Na ƙara shekara ɗaya a gidan kafin kwantiragina ya ƙare na nemi a mayar da ni wani gida. Da bazarar ta zagayo, Hajiya ta sake kira na falo ta ce bana ƙasashen ƙanƙara za a je, in shirya. Na ce da 'yata ko ba ni. Ta ce ba a tafiya hutu da 'yar mai aiki. Na ce to Allah ya kiyaye hanya, na koma kicin na ci gaba da yanka albasata.