Injin da Zai Riga na Oga

Ranar ana yayyafi, na fake a shagon masu kwamfuta. Ga wata yarinya siririya, idanunta jajur, ta sa an kunna mata injin kwamfuta uku don ta zaɓi na saye. Kowanne sai ta ɗora masa bidiyon gobarar da ta haɗa da kwamfuta don wani fim, ta kara tafin hannu a bayansa tana jin zafinsa. Wanda ya fara nishi, ta ture shi.

"Ƙanwata, ƙaramin ma ya ishe ki," in ji mai shago.

"Bai isa ba, yaya. Wanda zai riga na tsohon ogana gamawa nake so. Ni na haɗa wutar nan, ya goge sunana ya sa nasa."

A zuci na ce Allah Ya ba ta cinikin ogan nan kaf. Yanzu ta buɗe nata wurin, ƙofar shagonta tana kallon tasa.