Yayan Mai Rage Rana

Malam ya daɗe yana koyar da kimiyya a sakandaren bayan kasuwa, a aji mai rufin kwano da ke komawa tanda kafin azahar. Shi ne babba a gidansu. Da mahaifinsu ya kwanta ciwo, shi ya ajiye jami'a ya kama alli, ƙaninsa Auta kuwa ya yi ta karatu har ƙasar waje.

Wata rana sai ga Auta a talabijin, cikin kwat, yana bayanin binciken da suke yi: wai a tura jirage can ƙololuwar sama su fesa wani sinadari mai laushi kamar hoda, ya mayar da kaɗan daga hasken rana, ko duniya ta rage zafi.

"Ɗana zai rage rana," mahaifiyarsu ta riƙa gaya wa maƙwabta. Unguwa ta daina cewa gidan su Malam, sai gidan su mai rage rana.

Abin ya tsaya wa Malam a wuya. Shi ya koya wa yaron nan haɗa lissafi, shi ya fara nuna masa yadda farin bango ke mayar da haske. Duk malamin da ya taya shi murna a ofis, sai ya ce, "Idan suka taɓa rana damina ta rikice fa, manomi ya kai ƙara wurin wa?" Tambayar tana kan hanya, amma ba manomi ne ke hana shi cin abinci ba.

Da Auta ya zo hutu, ya same shi yana gyaran babur.

"Yaya, an gayyace ni in yi wa jama'a bayani. Ni kuwa da na buɗe baki sai a fara hamma. Ka zo ka taya ni."

Malam ya ce zai duba. A ranar ya kai rigarsa wajen mai guga.

A zauren taron Malam ya yi magana kamar yana aji, ya faɗi amfanin abin, ya faɗi haɗarinsa, har masu gadi suka matso bakin ƙofa suna saurare. Washegari jarida ta fito da hoton Auta yana murmushi. Na Malam kafaɗa kawai ta shiga, a gefe.

Mahaifiyarsu ta sa aka yi wa hoton gilashi, ta rataye a falo.

"Kafaɗar taka ta fito da kyau," in ji matar Malam.

Bai yi dariya ba. Har yau idan ya je gaishe da tsohuwa, kujerar da ta ba hoton baya yake zaɓa.