Ruwan da Sa'adu Ya Amince Wa

Damanar bana shekara tara ke nan da amai da gudawa sunka raba ni da aminina Sa'adu, ɗan kabu-kabun da Burkusuma ba ta sake yin irinsa ba. In ya ɗora gero a babur, sai ka rantse rumbu ne ya yi ƙafa ya nufi Nijar. Amma ƙulli, ko na liman ne, ba ya ɗauka sai ya kwance ya gani.

Ruwa kaɗai ne bai taɓa tuhuma ba. In ya ga ana tafasawa sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ruwan garinmu ya san cikina," in ji shi, "baƙo yake kamawa." Haka munka tashi munka ji, haka munka yarda. Kafin a kai shi asibitin Sabon Birni, ƙaton nan ya koma kamar kara.

Bara ɗiyarsa Luba, mai aiki a ɗakin gwaji a Sakkwato, ta zo gaishe ni. Na tambaye ta yadda tafkin da ya raine mu ya juya mana baya.

"Baba, ƙwayar cutar nan tana da dangi a ruwa waɗanda ba su da wannan dafi," ta ce. "Bairos ne, wani nau'in ƙwayar cuta da ya fi su ƙanƙanta, ke shiga cikinsu ya koya musu haɗa guba, sannan ya fito ya shiga wata."

"Wato ɗan kabu-kabu ne da ba ya kwance ƙulli," na ce.

Ta yi dariya. Ni da ke sa mutane dariya ko a zaman makoki, na kasa. Ruwan bai sake launi ba, bai sake ɗanɗano ba. Da fuskar da munka sani ya shiga cikin mutumin da ke yabonsa a kasuwa.

Manyan da sunka yi alkawarin fanfo ranar ta'aziyya, har yau suna kan hanya. Tafkin kuwa ya cika, kuma jikokin Sa'adu sun gaji tsawonsa, sun gaji taurin kansa, suna sha suna cewa haka Kaka ya yi.

Jumma'a za ni gidansa da tukunyar tafasa ruwa, in ƙaryata aminina a gaban jikokinsa. Allah ya jiƙan ka, Sa'adu. Ka yafe mini, ba za ni bar musu wannan gado ba.