Yatsa na Shida a Filin Asibiti

Abin da na zuba a harkar ba shi da yawa: jaki huɗu na yashi, buhun siminti bakwai, da tsayuwar kwana uku a rana. Abin da na kusa rasawa kuwa albarkar mahaifina ce, ita kuma ba a sayar da ita ko a kasuwar Wunti.

A lokacin ni ke kai wa asibitin garinmu yashi da duwatsu. Ana saura 'yan watanni a karɓi mulkin kai, likita Bature ya ce yana so ya bar wani abin tunawa a filin da ke gaban ɗakin karɓar magani. Za a gina mutum da siminti, ya miƙa hannu kamar mai cewa ku ƙaraso. Aka ba wani birkila aikin, Basaye ne daga ƙasar Sayawa, Kirista, mai hannu ƙwarai.

Ina sauke yashi ya dube ni sama da ƙasa. "Mai yashi, tsayinka ya yi. Sa babbar rigarka ka tsaya mini."

"Ni? Ka san gidan da na fito a Ƙofar Ran? Ko hoto ba ya kwana a gidanmu."

"Jiki kawai nake so. Fuskar kawuna zan sa. Ya daɗe da mutuwa, ba zai kai ƙara ba."

Na lissafa cewa wanda ya kyauta wa asibiti yau, shi zai ci gaba da kai yashi gobe. Na tsaya. Wata nas, 'yar ƙasarsu birkilan, kullum ta wuce sai ta ce, "Malam, sadaka kake jira? Hannun bai gaji ba?"

Birkila ya cika alkawari, ya yi fuskar wani tsoho mai faffaɗan hanci. Abin da na manta shi ne hannuna na dama yatsa shida gare shi. Wanzami ya so cire cindon ranar suna, kakata ta hana, wai arziki ne. Shi kuwa birkila abin da idonsa ya gani yake ginawa, ba ƙari ba ragi.

Ranar da aka yaye mayafin da aka rufe mutumin simintin da shi, ana cikin tafi, wani mahauci ɗan unguwarmu ya matsa kusa yana ƙirga da ƙarfi. "Huɗu, biyar, shida! Wallahi hannun ɗan gidan Malam ne! Da hannun nan yake taya mini fata!" Kafin la'asar labari ya riga ni isa gida.

Mahaifina bai yi faɗa ba. Tun da na girma akushi ɗaya muke ci da shi a zaure. Ran nan ya ce a kai mini tuwona ɗaki, kuma kwana uku ina gaisuwa ba amsa. Amma shi tsohon muhuti ne a kotun alƙali, ba ya yanke hukunci da ji-ta-ji-ta. Bai taɓa taka asibiti ba, duk da gyambon da ya shekara biyu yana cin ƙwaurinsa, to amma shaida a can take. Ya hau jaki, na bi shi a baya kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Ya ƙirga yatsun da bakin sandarsa. "Hannunka ne?"

"Nawa ne, Malam."

"Fuskar fa?"

"Ta kawun birkila ce, ya rasu."

"Shi ya riga ya je inda za a tambaye shi. Kai kana nan. A cire yatsan."

Birkila ya tafi ɗauko kurfin sassaƙa da guduma yana gunaguni. Nas ɗin nan kuwa ta hango ƙudaje na bin tsumman da ke ƙafar tsohon. Ta rusuna ta ce, "Baba, shigo inuwa."

"Hukunci na zo yi, 'yata, ba magani ba."

"Hukuncin zai daɗe, Baba, simintin ya kama."

Da birkila ya dawo, ta ƙifta masa ido. Yatsan da za a fille da bugu biyu ya cinye masa rabin yini. Kafin ya faɗo, an wanke gyambo, an ɗaure, an yi allura. Ta ce wa Malam ya dawo jibi. Ya ce zai dawo, amma don ya tabbata ba a mayar da yatsan ba. Haka ya yi ta zuwa: sai ya fara duba hannun siminti, sannan ya miƙa ƙafa. Ranar da ya taka zuwa masallaci ba sanda, ya dawo ya turo mini akushi ya ce, "Sa hannu. Duka shidan."

Mutumin simintin ya sha fenti kore da fari ranar mulkin kai. Aka riƙa ce masa Mai Riga, masu jinya na shanya zannuwa a hannunsa, ƙauyawan Miri na ɗaure jakunansu kusa da shi. Wanda ya duba da kyau zai ga tabo a gefen ƙaramin yatsa.

Aikin yashin da na tsaya dominsa, sabon akawu ya ba surukinsa bayan wata biyu. Na yi asarar aikin, Mai Riga ya yi asarar yatsa, yatsan yana cikin akwatina har yau. Na ci ribar ƙafar mahaifina da wurina a zaure. Ban taɓa yin ciniki mai kyau kamar wannan ba.