Yadda Basha Ya Sauke Mini Goyo

A Misfala, wata unguwa a Makka, na haifi ɗana na fari, a shekarun da alhazai suka sake yawa bayan yaƙin duniya. Mijina ɗan garuwa ne, yana kai ruwa gidaje. Ni kuma ina wanki a gidan wani tsoho da duk unguwa ke kira Basha.

Basha Baturke ne, ɗan manoma. Matarsa, wadda muke kira Sitti, ita ta ba ni labarinsa muna shanya a saman bene. Ta ce yana saurayi aka ɗauke shi soja, ya yi Yaman, ya yi Sham, ya yi Madina yana tsaron hanyar jirgin ƙasa, har sarkin Istambul ya ba shi sarautar Basha da lambar zinariya. Da daularsu ta faɗi, abokansa suka koma gida, shi ya ce ya gaji da tafiya, zai zauna kusa da Ɗakin Allah ya jira ajalinsa. Lokacin da na san shi gashin bakinsa ya yi fari fat, ƙafarsa ta hagu tana ja, amma bai taɓa zama ya jingina da bango ba. Rigunansa kuwa sai na sake guga in wuyan bai tsaya ba.

Damuwata a lokacin ita ce yaron. An kusa yaye shi, bai taka ba. Sa'o'insa suna gudu a lungu, shi ko rarrafen kirki ba ya yi. In na yi masa wanka sai in tsaya ina matsa ƙafafunsa, in ga kamar ɗaya ta fi ɗaya siranta. Ga shi ba ni da bakin faɗa, domin a wurinmu ɗan fari abin kunya ne: ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu. Da muna gida Kano kakarsa ce za ta ɗauki wannan nauyin, amma ba ni da tsohuwa a Makka. Sai na sami dabara: in goya shi. A bayana ba na kallonsa, ba wanda zai ce na yi rashin kunya, kuma ina jin numfashinsa. Tun safe har la'asar yana baya. Ina tsoron matakalar gidan, ina tsoron raƙuma a lungu, ina tsoron garwashin dutsen guga.

Wata rana na kai wa Basha kayansa yana shan shayi a bakin taga. Ya nuna goyon da sandarsa, ya tambaye ni sunansa da Larabcinsa mai nauyi. Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, na ce ban sani ba. Ransa ya ɓaci, ya kira Sitti ya ce a bincika ɗan wa na ɗauko. Sitti ta taso cikin Hausawa, sai ta yi dariya ta bayyana masa al'adarmu.

Ya murza gashin baki. Sai ya ce shi ma ya yi shugaba irin haka a Yaman, wanda bai taɓa kiran sunansa ko ya yabe shi ba, kullum sai tsawa, ashe shi ne ya kai sunansa gaba aka ba shi girma.

“Amma ya binti,” in ji shi, wato 'yata, “shi ya bar ni na yi tafiya da ƙafata. Sauke shi.”

“Ya Basha, ƙafarsa ba ƙwari.”

“Tawa ma ba ƙwari. Sauke shi.”

Daga ranar, in na zo sai in kwance zani in ajiye yaron a kan darduma, Basha ya karɓe shi. Askari yake kiransa, wato soja. Yakan riƙe sandar a kwance, yaron ya kama, shi kuma yana ja da baya yana ƙirga taku da Turkanci. In yaron ya faɗi ba ya ɗaga shi, sai ya ce askari ya tashi. Ni ina tsakar gida hannuna cikin kumfa, kunnena yana sama. Duk ƙarar da na ji sai in saki wankin in ɗaga kai. Na ƙona wa Basha hannun riga ɗaya wajen guga a cikin makonnin nan, Sitti ta ɓoye ta.

Ana dab da Ramadan, wata hantsi, ya aiko a kira ni. Na tarar da Sitti da wasu maƙwabta biyu a zaune, yaron yana tsaye riƙe da gwiwar Basha. Ya ce in tsaya can wajen ƙofa in kira shi. Na ce ba zan iya ba, ga mutane.

“To juya ki kalli bango, tunda haka kuke yi,” in ji shi. “Ki miƙo hannu ta baya.”

Na juya. Ina kallon farar ƙasar bangon da wata 'yar tsaga a jikinta. Na ji Basha ya fara ƙirgensa a hankali, na ji tafin ƙafa a kan darduma, sannan a kan dutse, ya tsaya, ya sake tahowa. Sitti tana salati ƙasa-ƙasa. Sai na ji an cafke mini yatsa, kai ya bugi bayan gwiwata.

Ban juyo ba sai da maƙwabtan suka fita. Basha ya zuba wa kansa shayi, ya ce gobe za su fara matakala. Na ce a'a, ban da matakala. Ya ce ba ni yake tambaya ba. Ranar da yamma yaron da ƙafarsa ya bi ni har bakin lungunmu, yana faɗuwa yana tashi, ni ina gaba da ƙullin wanki a ka, ina tafiya kamar mai ciwon ƙafa don kada in yi masa nisa.